Tayil Ɗin da Ya Fita Daban

Jiya ɗayanku ya buɗe shafin hoton tsofaffin ma'aikatan safiyo, ya zuƙo layi na uku, ya ga wani ɗan murabba'i guda da launinsa ya fi na kewayensa duhu, kamar an liƙa wa riga faci. Ya juyo yana murmushi ya ce, "Baba Idi, ga wani kuskure nan, bari in gyara maka, ai minti biyu ne." Na ce masa idan ya taɓa wurin nan, to ya nemi wani shagon. Kuka yi ta dariya kuna cewa tsufa ne. To ku ja kujera. Kuna ganin aikin nan danna maɓalli ne kawai, a ɗora hoto a shafi, mutum ya sa yatsa biyu ya buɗa ya ga har gashin ido. Ni ma na taɓa zaton haka, kuma sai da na kwashe watanni ban san gabas ba ban san yamma ba kafin na gane ƙarya nake yi wa kaina.

Ni ba da kwamfuta na fara ba. A wani gidan hoto na fara, bayan tashar Kawo, wurin maigidana Malam Garba, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu ban taɓa kyamara ba. Shara nake yi, in haɗa ruwan wanke hoto, in shanya hotuna a igiya. A shekara ta uku ya zaunar da ni gaban wani ɗan akwati mai fitila a ciki, ya ɗora fim a kai, ya ba ni fensir mai tsini da burushi mai gashi kamar uku, ya ce in koyi gyaran fuska. Kowa ya san al'adarmu ta masu hoto a garin nan: mutum ba ya son ya ga kansa yadda yake. Direba zai shigo daga tasha da ƙuraje da gumi, ya zauna gaban labule, gobe ya dawo yana so ya ga fuskarsa sumul. Idan ka ba shi ainihin fuskarsa sai ya ce ba ka iya hoto ba. Haka hannuna ya tashi, duk layin da na gani a fuska sai ya yi ta ƙaiƙayi har sai na share shi.

Abu ɗaya Malam Garba yake dukan hannuna a kai. Wata rana na share wa wani tsoho zanen fuskarsa ina zaton karce ne a jikin fim. Tsohon ya dubi hoton ya ce wannan ba shi ba ne, ya ajiye ya fita. Malam Garba ya kama kunnena ya kai ni gaban akwatin. Ya ce, "Buɗe idonka. Karce ba ruwansa da fuska, zai ratsa kunci ya haye hula ya faɗa kan bango. Zane kuwa fuska yake bi, inda kunci ya lanƙwasa nan zai lanƙwasa, inda kunci ya ƙare nan zai tsaya." Na ce na ji. Kuma na ji ɗin, na riƙe shekara da shekaru. Ku dai ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Shekarar da waya mai kyamara ta cika gari ita ce mummunar shekarata. A lokacin na buɗe nawa shagon. Sai in wuni daga ni sai fanka, ba mai shigowa sai mai neman hoton fasfo, shi ma yana tsaye yana duba agogo. Labulen bangona mai zanen bene da furanni ya yi ta tara ƙura har na naɗe shi. Abokan sana'a wasu suka koma tuƙa Keke, wani ya koma sayar da caja. Ni kuwa na sayi tsohuwar kwamfuta da sikana, na shiga koyon haɗa shafin intanet ina da furfura a gemu. Yaran da na ɗauki hoton bikin sunansu su ne suka koya mini, suna yi suna danne dariya idan na riƙe maus kamar zai gudu.

Aikin farko na babban hoto, wani mai sayar da shadda ne ya kawo shi. Yana so mai saye daga nesa ya iya zuƙo hoton shadda har ya ga saƙar zare, don ya bambance ta gaske da jabu. Na ɗauki hoto mai kyau, mai nauyin gaske, na ɗora shi ɗungurungum a shafi. A kwamfutata ya buɗe tar. Mutumin ya buɗe a wayarsa, muka zauna muna kallon ɗan da'irar nan tana juyawa, ya sha ruwa, ya amsa waya biyu, sannan wayar ta daskare. Na rage girman hoton, ya buɗe nan take, amma da ya zuƙo sai shaddar ta zama kamar kunu. Ya ce, "Malam Idi, wannan ko buhu ne ba za a gane ba." Na ƙara girma, waya ta daskare. Na rage, kunu. Kwana huɗu ina wannan kai da komowa, ina ganin shafukan wasu ƙasashe suna buɗe hoton da ya ninka nawa girma a wayar nan tasa ba ko tari. Wallahi har na fara zargin akwai wata waya ta daban da suke ja daga can.

Da aka yi mini bayani, sai da aka yi sau uku. Ashe ba hoto ɗaya ake ɗorawa ba. Yanka shi ake yi ƙanana-ƙanana, murabba'i-murabba'i, kamar tayil ɗin daɓen ɗaki, shi ya sa ma muke ce musu tayil. Kuma ba sau ɗaya ake yankawa ba. Za ka yanka shi a cikakken girmansa, sannan ka rage shi rabi ka sake yankawa, ka kuma rage rabi ka yanka, har ya koma ɗan mitsitsin da tayil ɗaya ya ishe shi. Kowane girma hawa guda ke nan, kowane hawa da foldarsa. Idan mutum ya buɗe shafi, hawan nesa ake ba shi, tayil kaɗan. Idan ya zuƙo, sai wayarsa ta roƙo tayil ɗin hawa na gaba, su ma na daidai wurin da idonsa yake kawai. Shi yana ganin hoto ɗaya ne yake matsowa, alhali hotuna ne da yawa ake musanya masa a ƙarƙashin yatsa. Na ce to idan hawan ba su yi daidai da juna ba fa? Aka ce ai ba yadda za a yi haka ta faru, tunda daga hoto ɗaya aka yanko su. Na yarda.

Bayan mai shadda na yi wa masu fulotai taswira, na yi wa wani malami tsofaffin takardun kakansa. Suna ya fara fita, wai akwai wani dattijo a Kawo da ya iya hoton da ba ya fashewa. Kaina ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye muku ba. A cikin wannan kumburin Hajiya Rabi ta same ni.

Hajiya Rabi ma'aikaciyar gwamnati ce da ta yi ritaya, tana zaune a Unguwar Rimi. Ita ce sakatariyar wata ƙungiya ta 'ya'yan tsofaffin ma'aikatan wani ofishin safiyo na zamanin da. Ta shigo da wani abu naɗe cikin zani, ta riƙe shi da hannu biyu. Hoto ne dogo, ya kai tsawon hannuna biyu a buɗe, mutane layi biyar, sun haura ɗari, kowace fuska ba ta wuce ƙwayar wake ba. Na wani tsoho ne, Alhaji Tanko, wanda ya yi masinja a ofishin, kuma kwana biyu kacal ya ba da aronsa. 'Yan ƙungiya sun warwatsu, wasu Legas, wasu Abuja, wasu ƙasar waje, kuma duk hoton da aka tura ta waya matsewa yake yi. Suna so a ɗora shi a shafi kowa ya zuƙo ya nemo mahaifinsa.

Sai da na fara auna hoton ta ce, "Malam Idi, ni fa ba don ƙungiya kawai na zo ba. Babana yana cikin nan. Ya rasu ina cikin zanin goyo, ban taɓa ganin fuskarsa ba, ba mu da hotonsa ko ɗaya."

Na ce, "To wanne ne, Hajiya?"

Ta ce, "Shi ne ban sani ba. Alhaji Tanko ya ce ranar kowa ya zo, don haka yana ciki, amma shi ya manta kamanninsa. Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai gane shi, ƙanwarsa, Gwaggo Asabe, tana Rafin Guza. Idonta ɗaya ya tafi, ɗayan ma yana ta rufewa. Na kai mata takardar ta ce tururuwa kawai take gani. Ka girmama mini fuskokin nan kafin idon ya ƙarasa."

Hoton ya fi sikanata tsawo nesa ba kusa ba, don haka kashi bakwai na ɗauke shi, kowane kashi yana ɗan hawa kan na baya. Takardar ta saba da naɗi, idan na danne nan sai can ya tashi, sai da na jera littattafai a kai. Na ɗinke kason nan bakwai a kwamfuta, sannan na ƙirga kawuna a takarda na ƙirga a sikirin, don wurin ɗinki yakan cinye mutum ɗungum ko ya haifar da mai kunne uku. Suka yi daidai. Na mayar wa Alhaji Tanko hotonsa a kan lokaci. A ranar na yanka tayil daga hoton yadda yake, da dattinsa da komai, na ɗora a shafi don gwaji.

Da na zuƙo na ga abin da ke ciki, sai hannun nan nawa ya fara ƙaiƙayi. Karce ko'ina, tsagewar naɗi, kashin kyankyaso, tabon ruwa. Na ce wa Hajiya ta ba ni mako biyu in wanke shi kafin a kai wa Gwaggo, don kada datti ya ruɗa tsohuwa. Akwai wani abu a manhajar gyaran hoto da nake kira tsintsiya, ka ja shi kan siririn layi ya shafe shi ya cike wurin da launin gefe. Da fensir, fuska ɗaya takan ci mini rabin wuni. Da tsintsiya sai na riƙa share fuska ashirin kafin azahar. Masu zane da yawa a kumatu na gan su na bar musu abinsu. Amma duk wani layi guda siriri, shara kawai nake yi, ban tsaya na duba ko ya haye hula ko bai haye ba. Kuma da yake kwamfutar ta cika tana ta kuka, duk gyaran da na yi a kan hoton farko nake adanawa. Ban ajiye kwafi ba.

Na gama, na sake yanka tayil, na sa su hawa shafi su danne tsofaffin. Hawan nesa suke fara tafiya, hawan kusa shi ne na ƙarshe kuma shi ya fi duk sauran yawa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita na buɗe shafi, na ga hoto fes, na zuƙo gefen hagu na ga fes, na ce alhamdu lillahi, na aika wa Hajiya ta duba.

Washegari ta kira. Ta ce, "Malam Idi, akwai wani mutum a layi na uku, yana canjawa."

Na ce, "Canjawa kamar yaya, Hajiya?"

"Idan ina nesa fuskarsa lafiya lau. Idan na matso sosai sai wani layi ya fito masa a kunci, wurin ya yi duhu. In na ja baya sai ya ɓace."

Na ce ta ƙirga mini shi. Ta ce na goma sha ɗaya daga dama, mai hula a karkace. Na buɗe, na zuƙo har ƙarshe, ba komai. Na ce ko sikirin ɗinta ne ya tsage. Ta ce tsagewar sikirin tana bin mutum ɗaya ne? Na ce ko tabarau ne. Ta ce, "Malam Idi, shekara talatin da biyar ina karanta fayil, ban taɓa ganin layin da babu ba." Kwana uku muna haka. Wani ɗan ƙungiya daga Legas ya ce shi ma yana gani, wani daga Abuja ya ce shi wani mutum daban yake gani yana canjawa. Wata ma ta rubuta a guruf ɗinsu cewa hoton matattu ba abin wasa ba ne, a sauke shi. Ni kuwa ina zaune ina zuƙowa ina ja da baya har idona ya yi ja. An ce mini hawa ba sa saɓa wa juna. To me mutanen nan suke gani? Na kashe kwamfuta na kunna, na canja maus, har goge sikirin na yi da gefen rigata.

A rana ta huɗu na lura da abin da nake yi. Saboda tsimin data, na saba buɗe kwafin shafin da ke cikin kwamfutata, ba wanda ke intanet ba. Na buɗe na intanet, na je layi na uku, na zuƙo, sai ga layi ya fito a kuncin mutumin. Ɗauke wutar nan ta katse aikin a tsakiyar hawan ƙarshe, rabin tayil sababbi, rabi tsofaffi. Na yi dariya ni kaɗai don daɗi. Na share duk abin da ke kan shafin, tsoho da sabo, na sake ɗorawa daga farko ina tsaye a kai da janareto. Sannan na aika wa ƙungiya cewa waya takan ɓoye abin da ta taɓa gani don kada ta sake roƙo, saboda haka kowa ya shiga ya share ma'ajiyar wayarsa. Na kira Hajiya na faɗa mata sau biyu. Ta ce to.

A makon ne Alhaji Tanko ya rasu. Bayan kwana bakwai 'ya'yansa suka kwashe kayan ɗakinsa, da Hajiya ta tambayi hoton daga baya kowa ya ce yana wurin wani. Har yau bai fito ba. A lokacin ban damu ba, ina ganin nawa ya fi na takardar kyau.

Ranar da za a nuna wa Gwaggo, da hantsi muka shiga Rafin Guza, na rungumo laftof da wayar haɗi. Motar Hajiya ba ta shiga lungun ba, da ƙafa muka ƙarasa, muna tsallake kwata da faifan masu awara. Aka aro talabijin babba daga maƙwabta, na haɗa. Aka zaunar da Gwaggo Asabe a kan kujera 'yar tsugunno, hancinta kamar zai taɓa gilashin. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin baki. Ta ce, "Kai ne mai hoton? To ka yi a hankali, idon guda ne, shi ma aro ne."

Na fara daga layin farko, fuska ɗaya-ɗaya, kowace ta cika talabijin. Takan karkata kai ta duba ta ce wuce. Wani ta ce wannan ya cika hanci. Wani ta ce wannan ai Bayarabe ne, wuce. Hajiya tana tsaye a bayanta ta riƙe bakin mayafi. Muka shiga layi na uku. Da muka zo kan mai hula a karkace, Gwaggo ta ɗaga hannu. Na tsaya. Ta daɗe tana kallo, ta sa tafin hannu ta shafa gilashin. Can ta sauke hannu ta ce, "Goshin kamar nasa. Amma ba shi ba ne. Wuce."

Muka gama layi biyar. Muka sake daga farko. Idonta ya fara zubar da ruwa, ta ce ya isa. Ta ce, "Rabi, ki yi haƙuri, Yaya ba ya cikin nan. Wataƙila ranar an aike shi daji."

Hajiya ta zauna a bakin gado. Ni kuma na shiga naɗe waya, kunya ta ishe ni ban ma san ta mece ce ba, tunda a ganina aikina ya fita. Don dai in sami abin faɗa, na ce, "Hajiya, wancan da Gwaggo ta tsaya a kansa ai shi ne mai canjawar nan. Kin ga yanzu ya daina."

Ta ce, "A wayata bai daina ba. Gaskiya ban iya share abin da ka ce ba, na ji nauyin sake tambayarka. Har yanzu in na matso layin yana nan a kuncinsa."

Gwaggo ta juyo. "Wane layi?"

"Wani karce ne, Gwaggo, a jikin hoton."

"A wane kunci?"

"Na hagu."

"Ƙarshensa ya lanƙwasa kamar ƙugiya?"

Hajiya ta ciro waya tana laluben shafin, na yi tsalle na ce, "Hajiya, don girman Allah tsaya. Kashe data tukuna. Kada ki danna komai." Na san idan wayar nan ta ga dama ta roƙo sabon tayil, shi ke nan, babu sauran wurin da tsohon yake a duniya. Na goge wanda ke shafi, na danne wanda ke kwamfuta, takarda ta ɓata. Na karɓa, na kashe data, na buɗe a hankali. Wurare da yawa fari fat, ba su buɗe ba. Na ja zuwa layi na uku, na buɗa yatsu kaɗan-kaɗan. Fuska sumul, fuska sumul, sai a zuƙowar ƙarshe ɗan murabba'in nan mai duhu ya faɗo a kan kuncin. Hajiya ta yi ta komawa wurin ne saboda ya ruɗa ta, shi ya sa wayar ta riƙe shi.

Na kai wa Gwaggo dab da idonta. Layin ya taso daga gefen hanci, ya bi kunci, ya lanƙwasa, ya tsaya. Bai taɓa hula ba, bai faɗa kan na kusa ba. Ko ɗan koyo na shekarar farko ya ga wannan ya san ba karce ba ne.

Gwaggo ta ce, "Bille ne. Ranar suna wanzami yana cikin yi Yaya ya zabura, aska ta goce. Innarmu har ta rasu tana yi wa wanzamin nan mita." Ta riƙe wayar da hannu biyu. "Rabi, zo ki ga ubanki."

Ba zan ba ku labarin abin da ya biyo baya a ɗakin ba, ba na sana'a ba ne. Ni dai na san sai da na ɗauki hoton sikirin ɗin sau biyar, na kuma ɗauka da kyamarata, kafin na yarda wani ya taɓa wayar. Da za mu fita Gwaggo ta ce, "Kai mai hoto, wa ya ce ka wanke masa fuska?" Na ce ba kowa. Ta ce, "To ka daina karambani." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har da ta ranar da Malam Garba ya ja kunnena. Kafin shekara ta zagayo ɗayan idon nata ya rufe.

Na koma shago na yanko ɗan murabba'in nan na mayar da shi mazauninsa a babban hoton, na sake yanka tayil tun daga hawan kusa har na nesa. Ban daidaita launinsa ba, ban taɓa ko ɗigo ɗaya a cikinsa ba. Na bi 'yan ƙungiya ɗaya-ɗaya ina tambaya ko akwai wanda bai share wayarsa ba. Duk sun share, sun bi umarnina tsaf. Na rubuta musu gaskiyar abin da na yi, wasu suka ce ba komai, wasu ba su amsa ba. Akwai mutum goma sha wani abu a hoton nan da har yau ba wanda ya ce nasa ne. Nakan zuƙo su wani lokaci in yi ta kallon kumatunsu sumul, ina ƙoƙarin tuna ko na ja tsintsiya a wurin, kuma ba na iya tunawa.

Shi ya sa a shagon nan hoton farko da ya fito daga sikana ake kulle shi a folda, a yi kwafi biyu, ba mai gyara a kansa ko ni ne. Shi ya sa nake sa ku duba shafi a wayar wani, ku bi hawa-hawa har ƙasa, kuna ƙunƙuni. Wancan facin kuwa da kuke cewa minti biyu ne, Hajiya Rabi ta sa an wanke mata shi babba, da duhunsa da komai, yana rataye a falonta. Ku bar shi yadda kuka gan shi.